Bashin Gaisuwar Shekara Shida

Mutanen Malesiya suna da wata al'ada da suke kira "balik kampung", wato komawa ƙauye. Da zarar Sallah ta gabato sai Kuala Lumpur ta zama kamar an share ta, manyan hanyoyi kuwa su cika maƙil da motoci, kowa ya nufi mahaifarsa. Shekara shida ina kallon wannan kaiwa da komowa ta tagar ɗakina, ni da ba ni da ƙauyen zuwa a ƙasar. Na tafi karatu a 2018 da niyyar leƙo gida duk bayan shekara biyu, sai annobar korona ta sa aka hana zirga-zirga a can daga ranar 18 ga Maris, 2020, daga baya kuma tsadar tikiti da ɗan aikin da na samu bayan kammala karatu suka riƙe ni. Sai a watan Yunin 2024, ana saura kwana huɗu Babbar Sallah, na sauka a filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe da ke Abuja, bayan mun yada zango a Doha.

Kuɗin mota ne ya fara nuna mini cewa na daɗe. Lokacin da na tafi, litar fetur naira 145 ce, dala kuma tana wajen 360 a hannun 'yan canji. Na dawo na tarar an cire tallafin mai tun ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta haura 600, dala tana neman 1,500. Duk na karanta wannan a waya, amma da ɗan kamasho ya faɗi kuɗin Jos a tasha sai na ɗaure fuska, na ɗauka ya ga akwatunana ne yana so ya yanke ni. Ina cikin ciniki wata dattijuwa ta kwance bakin zaninta ta biya daidai abin da ya faɗa ba tare da ta ce uffan ba. Na biya nawa, na shige mota ina jin kunya.

Cunkoson Nyanya da Mararaba ya cinye mana safiya, ga motocin raguna, ga masu tafiya Sallah da kaya har saman mota. Daga Keffi zuwa Akwanga barci na yi. Ban farka ba sai a Hawan Kibo, inda motar ta fara nishi, iskar kuma ta canza, na ji sanyi ya ratsa rigata har na ɗaga gilashi. Jos tana kan tudu ne mai tsayin sama da mita 1,200, kuma sanyin damunarta ba wasa ba ne, amma ban taɓa zaton ni haifaffen garin zan isa gida ina rawar ɗari ba. Zafin Malesiya ya lalata ni, in ji ƙanena, wanda ya ara mini suwaita yana dariya.

Ni ɗan fari ne, saboda haka Hajiya ba ta kama sunana, kuma ba ta rungume ni ba. Ta dube ni sau ɗaya, ta ce, "An iso lafiya?" sannan ta juya madafa, inda ƙanwata ta ce ta same ta tana share ido da gefen mayafi. Gwaten acca ta dafa mini a daren nan.

Washegarin Sallah, ana ta suyar nama a tsakar gida, ta aiko a kira ni. Ta miƙo mini takarda da aka yago daga littafin makaranta, an rubuta gidaje ashirin da uku da rubutun ƙanwata. Gidajen da aka yi rasuwa ne ba na nan, sai 'yan kaɗan na haihuwa da aure. Na ce, "Hajiya, ai yawancinsu na kira su a waya lokacin da abin ya faru." Ta ce, "Waya ta kai murya, ba ta kai ƙafa ba. A fara da gidan Baffa."

Baffa, ƙanin mahaifina, ya rasu a 2020, lokacin da babu jirgin da ke tashi. Na yi kuka a can, na yi masa addu'a, na ɗauka na gama. Amma da na yi sallama a zauren gidansa a Gangare, na ga buzunsa a naɗe a inda yake zama, matarsa kuma ta fito ta ce, "Ka zo ba ka tarar da shi ba," sai rasuwar ta dawo mini ɗanya kamar a ranar aka yi ta. Haka na yi ta bin gidajen a Keke Napep, Unguwar Rogo, Rikkos, Dilimi, ko'ina in tsuguna in ce ya haƙuri, a ce haƙuri sai ma'abocinsa ko a ce da godiya, a shafa fatiha, a kawo ruwa. A wasu gidajen an fi duban ledar hannuna fiye da fuskata, domin a ganin mutane duk wanda ya hau jirgi ya dawo da dala. Da farko abin ya sosa mini rai, amma da na ga yadda mudun shinkafa ya koma sai na daina ganin laifin kowa.

Gida na goma sha bakwai ya ba ni mamaki. Na wani dattijo ne Kirista, abokin mahaifina tun suna samari, wanda matarsa ta rasu. Tun rikicin 2001, da waɗanda suka biyo baya a 2008 da 2010, unguwannin Jos suka rabu, har ya zama akwai layin da mutum ke tunani sau biyu kafin ya shiga. Na nuna wa Hajiya sunan, ta ce shi ya fara isowa ranar da aka yi sunana. Na je. Ya riƙe hannuna ya ƙi saki, yana cewa, "Ɗana, ashe za ka tuna da ni," kuma ban iya gaya masa cewa tunawar ba tawa ba ce.

A wannan yawon ne na sake ganin kasuwar Farin Gada da idon wanda ya karanci adana abinci. Kabeji da karas da tumatir da dankalin Turawa na Bokkos da Mangu suna shigowa buhu-buhu, abin da bai samu mai saye da wuri ba kuma ya ruɓe a gefen hanya. Na daɗe ina tunanin ƙaramin ɗakin sanyi mai aiki da hasken rana, kuma da na faɗa wa Kawu, wanda ya yi shekaru yana dillancin kayan gwari a wurin, ya ce in fara zama a rumfarsa wata uku ina kallo kafin in kashe ko sisi. Na amince, na kuma rubuta wa wurin aikina na can cewa ba zan koma ba.

Saura gida biyu a takardar, dukansu a Bukuru. Jiya da asuba Hajiya ta ƙwanƙwasa ƙofata, ta ce gas ya ƙare, a ɗauki tukunyar a je a ciko kafin yara su tashi.