Kafin ka biya kuɗin motar da aka yi wa gyaran tsere

Ranar Asabar ɗan yayata ya shigo gidana jikinsa na rawa, ko gaisuwar kirki bai gama ba ya miƙo min waya. "Kawu, duba wannan. An ce in tura rabin kuɗi kafin Litinin, akwai mai so." Bidiyo ne na wata BMW E46, 330i, baƙa wuluk, an sauke ta har ta kusa shafar kwalta, tana juyi a wani fili a Abuja, hayaƙin taya na tashi. Na ce ka leƙa ƙarƙashinta? Ya ce a'a, amma ai ga ƙararta nan in saurara. Yaron da ya gama jami'a, ya yi hidimar ƙasa, zai yi cinikin biri a sama saboda ƙarar salansa a waya.

Na buɗe baki zan yi masa faɗa, sai bakin ya yi nauyi, don ni ma ƙara na saya.

Tawa ma BMW ce, samfurin E36. A takarda 325i, amma mai ita ya cire injinta na asali ya sa na 328i mai lita 2.8, kuma abin da ya ruɗe ni ke nan. A Abuja na same ta ta hannun dillali. Ya ce mu haɗu bayan la'asar, na isa na tarar tana kunne, injin ya ɗau zafi, an wanke shi tas yana ƙyalli. Na ɗauka karramawa ce. Daga baya na gane inji mai ciwo da sassafe yake tona kansa: wahalar tashi, hayaƙi shuɗi-shuɗi, ƙwanƙwasar da ke ɓacewa bayan 'yan mintuna. Wankin kuma don kada in ga inda baƙin mai ke tsatsafowa ne.

Ba wai ban san mota ba fa. Na buɗe bonet, na zaro sandar gwajin mai, na zagaya da ita unguwa ta ja kamar za ta tashi sama. Kuma a wancan zamanin ba kowace kwana ake samun mai sa wa mota kwamfuta ba, balle bidiyon koyarwa da ke cike da wayoyinku yanzu ba ku kallo. Idan aka yi adalci, da yawa waɗanda suka fi ni wayo sun faɗa irin wannan ramin. Sai dai makanikena na Jos ya ce in biya masa kuɗin mota mu je tare, na ga kamar asara ce, na kuma ji kunyar dillali ya ce ban yarda da shi ba. Wannan kam ba ni da wanda zan ɗora wa.

Ko gida ban kai ba ta fara nuna hali. Mun wuce Keffi, mun wuce Akwanga lafiya, muna fara Hawan Kibo allurar zafi ta tafi ja. Wuyan lagireton waɗannan motoci na roba ne, shekaru na busar da shi, nawa ya tsage. An kuma cire tamostat an haɗa fanka kai tsaye, dabarar da ake yi don ɓoye cewa sanyaya injin ta daɗe da lalacewa. Janwe ne ya shigo da ni Jos da dare, ina zaune a gaba kusa da direba ina lissafi.

Lissafin bai fara ba sai da aka hau da ita kan rami. Makaniken ya ce in sauko in gani da idona. Ya haska tocila a ƙarƙashin but, daidai inda ƙarfen da ke riƙe da aksul ɗin baya yake ɗaure da jikin mota, ya sa sukudireba ya kankare wani baƙin abu mai kama da kwalta. Ga tsaga nan, siririya, ta kai tsawon yatsa, gefenta ya yi tsatsa, alamar ba ta jiya ba ce. An yi wa dif, wato na'urar da ke raba juyi tsakanin tayoyin baya, walda don tayoyin baya su riƙa juyawa tare a ji daɗin zamiya, an yanke sifirin da garanda don motar ta sauka, duk dukan da ya kamata sifirin da shokozoba su shanye jikin motar ne ya sha. Bai ce min komai ba, ya miƙo min tocilar kawai ya haura. Injin ma da na yi ta alfahari da shi, da aka auna matsin silinda shidan, biyu sun yi ƙasa sosai. Irin wannan injin sunansa M52, kuma na farko da aka yi wa kasuwar Turai bulo ɗinsa na alminiyam ne, da wani shafe a cikin silinda mai suna Nikasil, wanda fetur mai yawan sulfa ke cinyewa. Ba na jin wanda ya sa shi ya san wannan. Ni ma ban sani ba, to.

Mai hankali da a nan ya tsaya. Ni kuwa na ce ai an riga an shiga ruwa. Kasuwar Dilimi ta Jos ta san ni, masu kayan gyara suna hango ni suna murmushi. Kuɗin da na ware na fili a nan suka tafi, uwargida tana gani ta yi shiru, shirun da ya fi faɗa ciwo. Amma ba zan yi ƙarya in ce ban ji daɗi ba. Ranar da ta tashi daidai, da sanyin safiya a hanyar Bukuru babu kowa, akwai wani abu da mutum ke ji a ƙirji wanda ban sake ji a wata mota ba. Har yau idan na ji irin kukan injin nan mai silinda shida sai na waiwaya. Shi ya sa ban cika yarda da masu cewa duk shirme ne ba, yawancinsu ba su taɓa riƙe sitiyarin ba.

Abin da ya raba ni da ita birki ne. Zan gangara Abuja wajen taron 'yan wasan mota, a gangaren Hawan Kibo ɗin dai, na taka birki na ji feda ta yi laushi ta tafi ƙasa. Man birki yana shan danshi daga iska. Sabon man birki nau'in DOT 4 sai ya kai digiri 230 kafin ya tafasa, wanda ya sha ruwa kuwa yana iya saukowa zuwa 155, kuma ni duk kuɗin da na kashe ban taɓa canza shi ba, don ba ya ƙara gudu. Da giya na rage ta, Allah ya sa babu tirela a gabana. Na fito na zauna a bakin hanya ƙafafuna sun ƙi ɗaukata.

Na yi niyyar rubuta muku dogon jeri, amma na san ba za ku karanta ba. Kada ka sayi motar da aka yi wa gyaran tsere. Shi ke nan. Kana biyan kuɗin rim da salansa da sitika, ana ba ka kyautar duk azabar da ta sha a hannun wani. Nemi wadda ba a taɓa ba, ko ta wani dattijo da ke zuwa ofis da ita, ka fara da birki da taya da lagireto, ƙarin ƙarfi ya zo daga ƙarshe idan kuɗi ya rage. Ba zai rage ba.

Idan ka ƙi ji, kuma na san za ka ƙi, to ka je da safe ka ɗora hannu a kan injin ka tabbatar da sanyi yake kafin a tayar. Ka tafi da makanikenka, ba na dillali ba, a hau rami a duba ƙarƙashin but. E46 ta ma fi tawa suna a kan wannan tsagar. A auna matsin silinda, a sa mata kwamfuta, ka kunna makulli ka ga fitilar gargaɗin inji ta kawo kafin ta ɗauke, don wasu cire ƙwan suke yi. Ka duba ko an fafe indomi, wato matatar hayaƙi, daga salansa, sau da yawa ƙarar da ke burge ku ke nan. A gefen taya akwai lambobi huɗu, masu nuna lokacin da aka ƙera ta, misali 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019, ba ruwanka da zanen da ya rage. Lambar shasi mai harafi da lamba 17 ta dace da takardar kwastan, idan an canza inji a nuna maka rasit.

Na ce kada ka saya, amma gaskiya idan ka dace da wanda ya san aikinsa, ya ƙarfafa wurin tsagar da faranti, ya sa kejin ƙarfe a ciki, yana da rasit na kowane abu, tasa ta fi araha a kan ka gina taka daga farko. Irin wannan mutumin ba ya cewa ka turo rabi kafin Litinin. Shi ne ma zai ja ka ramin da kansa.

Abin da ya fi ba ni haushi da ku shi ne ba tseren kuke so ba, bidiyon kuke so. Za ku sayi rim na dubban ɗaruruwa, hular kwano ta gagare ku. Titin filin jirgin Abuja iyakar gudunsa kilomita 100 a awa, akwai masu tsallakawa da ƙafa, akwai mai kai 'ya'yansa makaranta. Mu ma mun yi a titi, na sani, ba sai kun tuna min ba. Idan babu rufaffen fili da izini da motar asibiti a gefe, ku ajiye motar a gida ku wanke ta ku ɗauki hotonku.