Sassaƙa wutar Samhain a kan linoliyam

Zanen lino, wato sassaƙa hoto a kan allon linoliyam, irin abin da ake shimfiɗawa a daɓe, a shafa masa tawada a buga a takarda, aiki ne na cirewa. Duk inda kurfi ya ci zai fito fari a takarda, inda aka bari shi ne zai ɗauki tawada. Shi ya sa wannan sana'a ta dace da bikin Samhain, wanda ake furtawa "Sawin", bikin ƙarshen kaka na mutanen Ayalan da Sikotlan da ake yi daga daren 31 ga Oktoba zuwa 1 ga Nuwamba. A al'adance, lokaci ne da ake sauko da shanu daga makiyayar tuddai, a hura manyan wutace a kan tsauni irin na Tlachtga da ke yankin Meath na Ayalan, a yi shigar burtu ana bin gida-gida. Kusan komai na bikin haske ne ɗan kaɗan a tsakiyar duhu mai yawa, kuma allon lino da aka shafe da baƙar tawada ya riga ya ba ka daren. Aikinka kawai ka fito da wutar.

Abin zanawa ba ya ƙarewa: fitilar da ake ƙwaƙulewa daga tanif, wata saiwa mai tauri, wadda har yau ake yi a tsibirin Man lokacin Hop-tu-Naa, wato irin wannan bikin a can, tuffa da ake duban abin da zai faru da ita, hankaka, ko baƙar aladen nan mara wutsiya, Hwch Ddu Gwta, da ake tsorata yara da ita a Wels. Ga mai farawa, fitilar tanif ta fi. Siffa ɗaya ce mai girma, ido biyu da baki.

A nemi linoliyam na gaske, mai ruwan toka da bayan algarara, kaurinsa kamar milimita 3. Da man linsid, wani man tsiro mai bushewa, da ƙaro da garin ɓawon itace ake yin sa, tun da Frederick Walton ya ƙirƙiro shi wajen 1860, kuma garin Kirkcaldy na Sikotlan ya daɗe yana cikin manyan masu yin sa. Na roba mai laushi ya fi sauƙin yanka, amma yana lanƙwashewa a ƙarƙashin kurfi, siraran layuka ba sa tsayawa. Allo mai santimita 15 da 20 ya isa. A goge fuskarsa da samfefa mai laushi, lamba 400, don tawada ta kama ko'ina. In ya yi sanyi yana tauri yana ɓarewa, sai a ɗumama shi da na'urar busar da gashi na ɗan lokaci.

Hoton zai fito a juye, dama ta koma hagu. A zana da fensir mai laushi a takarda mai shara-shara, a kifa ta a kan allon, a murza bayanta. Duk wanda ya rubuta "Samhain" kai tsaye a allo zai karanta shi ta baya.

Kurfi biyu sun wadatar: mai baki kamar V na milimita 1 don layi, da mai baki kamar U na wajen milimita 5 don share fili. Hannun da ke riƙe allo ya kasance a bayan kurfi koyaushe. Kada a nutsa har a taɓa algarara, rabin kaurin ya isa. A wajen harshen wuta, a bar 'yan tudun da kurfi ke bari tsakanin yanka da yanka, a kuma sa su bi hanyar da wutar ke tashi. Za su ɗauki tawada kaɗan su fito kamar tartsatsi. Masu share su tas suna zubar da mafi kyawun abin da lino ke bayarwa.

Saƙar ƙulli ta Keltik, adon igiyoyi masu sarƙewa na mutanen can, irin ta Littafin Kells, wata Linjila mai ado da aka rubuta da hannu wajen shekara ta 800, ita ce ke kayar da mutane. Ƙa'idarta ɗaya: igiya ta bi sama, sannan ƙasa, sannan sama, ba ta hawa sau biyu a jere. A bi ta da yatsa daga farko har ƙarshe kafin a yanka, a sa alama a kowace mahaɗa. Igiyar kada ta gaza milimita 3 a faɗi, in ba haka ba za ta gutsure a kwana. Gaskiya ma, bikin ba ya buƙatarta. Ɗan gefe siriri ya fi a cika allo da ita.

Tawada mai mai ta fi ta ruwa, don ta ruwa tana bushewa a kan rola kafin a gama. A matsa kamar rabin ƙaramin cokali a kan gilashi, a murza da rola har ƙarar ta koma 'yar siririya, fuskarta ta yi sumul. In tana ƙara caɓ-caɓ ta yi yawa, za ta cike siraran layuka. A shafa sau uku ko huɗu a hankali, a ɗora takarda mara kauri, wadda nauyinta bai kai giram 100 a murabba'in mita ba, a murza bayanta da cokalin katako daga tsakiya zuwa gefe. A ɗaga kusurwa ɗaya a leƙa. In baƙin ya fito da ɗigo-ɗigon fari, ko tawada ta yi kaɗan ko murzar ba ta kai ba. Bugun farko da na biyu yawanci haka suke, allon bai sha ba tukuna.

Mai son wutar ta fito ruwan goro zai iya da allo ɗaya. A fara yanke inda zai zauna fari, a buga ruwan goro a dukkan takardun, a wanke allon, a yanke inda ruwan goron zai tsaya, sannan a bi da baƙi. Babu komawa baya, don haka mai son guda 10 ya buga 15. A yi kusurwar kwali mai siffar L wadda allo da takarda za su riƙa jingina da ita kowane bugu, ko milimita ɗaya aka kauce za a gani a idon fitilar. A bar launin farko ya bushe kwana uku zuwa mako, gwargwadon danshin ɗaki, sannan a rubuta lamba da fensir a ƙasan hagu, 1/10, 2/10, har ƙarshe.