Watannin da Ɗana Ya Ƙaurace wa Fo

Ɗana na biyu yana da shekara biyu da wata uku lokacin da na ɗauka mun gama da maganar fo. Da safe, tun kafin in hura wuta in ɗora kunu, yakan je bayan ɗaki ya jawo fo ɗinsa na roba ya zauna yana kallon kaji, idan ya gama kuma ya kira ni in yi masa tsarki. Har na wanke tsummokaran da nake ɗaura masa, na ninke su na ajiye a ƙasan akwati domin abin da ke cikina.

Ba wata dabara ta musamman na yi ba. A ƙauyenmu da ke ƙasar Ringim a jihar Jigawa, uwa takan fara wannan aiki tun yaro yana goye: ta zauna ta miƙe ƙafafu, ta ɗora shi a tsakanin ƙwaurinta, ta riƙa yi masa ɗan sauti da baki har ya saki fitsari, kuma da yau da gobe sai ta gane lokutansa. Famfas yana da tsada, ba ma saka shi sai ranar zuwa asibiti ko biki, kuma yaron da ke jin danshin tsumma a jikinsa yakan yi saurin fahimtar abin da ya faru. Ma'aikatan lafiya sun ce galibin yara suna nuna alamar shiri tsakanin wata 18 da shekara 3, wato yaro ya iya shafe awa biyu bai jiƙe ba, ya iya zama da tashi da kansa, kuma ya iya faɗa ko nunawa idan ya matsu. Nawa ya cika duk waɗannan, shi ya sa abin da ya biyo baya ya girgiza ni.

Bayan wata biyu na haihu. Aka mayar da shi kwana ɗakin Inna, mahaifiyar maigidana, ni kuma na shiga wankan jego. Ranar suna gida ya cika maƙil, wani ya kawar da fo ɗin daga inda yake, kuma da yaron ya matsu sai wata yarinya cikin baƙi ta ja hannunsa ta kai shi masai. Bakin masanmu yana da faɗi, ciki da duhu, kuma idan an ɗaga murfin kyankyasai sukan fito. Sai daga baya na ji cewa ya ƙwalla ƙara ya fito a guje ba wando. A ranar ba wanda ya gaya mini, domin ba wanda ya ɗauki abin da muhimmanci.

Daga wannan mako ya fara fitsari a tsaye duk inda ya same shi, kashi kuma sai ya laɓe bayan rumbu ya yi a wando. Idan na nuna masa fo sai ya noƙe kafaɗa. Na yi lallashi, na yi faɗa, kuma wata rana da la'asar, bayan ya jiƙa mini zanin da na ɗaura domin salla ga jaririya tana kuka, na tsinke tsinken tsintsiya na zane masa ƙafafu. Har yau ina jin nauyin wannan a raina, domin a lokacin na yanke masa hukuncin taurin kai da kishin ƙanwarsa, ban tsaya na tambayi kaina abin da ya tsorata shi ba. Dukan bai gyara komai ba. Abin da ya koya daga gare shi shi ne ya riƙe kashin gaba ɗaya.

Wannan riƙewa ita ce ta fi ba mu wahala, kuma ita nake so iyaye su sani, domin ba kasafai ake maganarta ba. Yakan yi kwana uku ko huɗu bai yi bayan gida ba. Sai in gan shi ya tsaya a kan 'yan yatsun ƙafa, ya harɗe cinyoyi, ya riƙe bango yana nishi, ni kuma ina tsammanin yunƙuri yake yi, ashe matsewa yake yi kada ya fito. Ranar da ya fito kuwa yana da tauri kamar tsakuwa, da ɗan jini a jikinsa, yaro yana kuka. Abin da ya ƙara rikita ni shi ne yadda nake samun ɗan ruwan kashi a wandonsa kusan kullum, har na soma zaton zawo ne, maƙwabciyata ta ce basir ne a nemo jiƙo.

Ranar da na kai jaririya rigakafi na tafi da shi, kuma ma'aikaciyar lafiyar da ta duba shi ta danna cikinsa ta yi mini bayanin da ya warware mini komai. Idan kashi ya daɗe a hanji, jiki yana ci gaba da tsotse ruwansa, sai ya bushe ya yi girma. Idan ya zo fita ya yi zafi, yaro ya ƙara jin tsoro ya ƙara riƙewa, haka abin ke ta zagayawa. Ruwan da nake gani a wando sabon kashi ne mai laushi da ke zurarowa ta gefen busasshen, kuma yaron ba ya ma jin fitarsa. Hanjin da ya cika kuma yana danne mafitsara, shi ya sa fitsarin ma ya ƙi riƙuwa. Ta ba shi maganin da zai tausasa cikin, ta hana ni ba shi maganin tsayar da zawo, ta ce in yawaita masa ruwa da gwanda da lemo da wake da ganye irin su zogale da alayyafo. Ta kuma ce in riƙa zaunar da shi a fo na kamar minti biyar bayan cin abinci, domin a lokacin ne hanji ke motsi da kansa, in ya yi in yaba masa, in bai yi ba in ɗaga shi ba tare da na ɓata fuska ba.

Ta tambaye ni wasu abubuwa da ya kamata kowace uwa ta lura da su idan yaron da ya iya ya koma baya: ko yana kuka idan yana fitsari, ko akwai zazzaɓi, ko yana susar dubura da dare saboda tsutsa, ko yana shan ruwa fiye da kima yana ramewa, ko kuma akwai jini a fitsarin. Wannan na ƙarshe ya shafe mu sosai a garuruwan da ke bakin kogin Haɗeja da fadamu, inda yara ke wasa a ruwa suna kamuwa da tsargiya. Duk wanda aka gani a cikin waɗannan, asibiti za a nufa.

Fitsarin kwance kuwa magana ce dabam, ko da yake a gida mukan haɗa su. Wata dattijuwa a unguwa ta ce a ɗaura masa kwaɗo a ƙugu, a tara yara su riƙa kiransa amalala, wai kunya za ta hana shi. Inna ce ta tsaya ta hana. Ta kira ni ɗakinta ta ce, "Ki bar mini maigidana ya yi barcinsa. Ubansa ma sai da ya kai shekara bakwai ina shanya tabarma." Na sunkuyar da kai don kunya na ce, "To, Inna." Maganarta ta dace da abin da likitoci suka sani, cewa fitsarin kwance yana bin jini, kuma ba sa ɗaukarsa matsala kafin yaro ya kai shekara 5, domin sai jiki ya fara rage haɗa fitsari da dare, kuma ƙwaƙwalwa ta iya tashin yaro idan mafitsara ta cika. Yaron da ke barci bai san abin da yake yi ba, don haka ban ga abin da kwaɗo zai koya masa ba illa tsoro da ƙasƙanci a gaban sa'o'insa.

Damuwata game da tsarki malamarmu ta Islamiyya ce ta sauƙaƙa mini ita. Ta tuna mini hadisin Ummu Ƙais, wadda ta kawo ƙaramin ɗanta wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zaunar da shi a cinyarsa, yaron ya yi masa fitsari a tufafi, shi kuwa ruwa kawai ya nema. Ta ƙara da cewa malaman Malikiyya sun so mai shayarwa ta keɓe tufafin salla dabam. Tun daga ranar na rataye zani ɗaya da hijabi a ƙusa, ba na taɓa su sai na yi alwala.

A tsawon watannin nan na ɗora wa kaina wani aiki da ban yi sakaci da shi ba, wato kwashe duk abin da ya yi a bayan rumbu in zuba a masai, in wanke wandon nesa da randa, in wanke hannuna da nasa da sabulu, ko da toka idan sabulu ya ƙare. Mutane da yawa suna cewa kashin yaro ba ƙazanta ba ne, alhali ta cikinsa ake ɗaukar zawo da amai da gudawa da shan inna, kuma ƙudan da ya sauka a kansa shi ne zai sauka a kwanon tuwo. A shekarar 2022 aka ayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko a Najeriya da ta rabu da bahaya a fili, a dukkan ƙananan hukumominta 27, amma wannan suna ba zai tsare gidan da ake watsa fo a bayan katanga ba.

Sai da muka shafe wata huɗu kafin ya dawo daidai, kuma a tsakani ya sake komawa baya na mako guda lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da shi. Na mayar da fo ɗin ainihin inda yake a bayan ɗaki, ban sake barin kowa ya kai shi masai ba, kuma da hantsi nakan miƙa wa Inna jaririya in zauna da shi mu biyu kawai. Mahaifinsa ya sa an rage bakin masan da siminti an yi masa murfi mai mariƙi, domin ranar da zai fara shiga. Yanzu yana da shekara uku da rabi, da rana ba ya jiƙa wando. Da dare har yanzu ina shimfiɗa leda a ƙarƙashin zanin gadonsa, ina kai shi ya yi fitsari kafin ya kwanta, kuma a hunturun da ya wuce kusan sau biyu a mako nake shanya zanin a igiya.