TARIHIN RAYUWATA: Ni da Hawan Jini (Kashi na 6)

Assalamu alaikum 'yan uwa, satin da ya wuce mun tsaya inda aka auna ni aka ga 170/100, wata biyar kenan da rasuwar maigidana, Allah ya jiƙansa.

To aka ɗora ni kan maganin hawan jini mai suna amlodipine kullum da safe, likita yace in rage gishiri kada ya kai giram 5 a rana, wato kamar cokalin shayi ɗaya har da dunƙulen miya a lissafin. Duk wannan bai dame ni ba. Tsoro ne ya kusa gamawa dani wallahi. 'Yata ta siyo min na'urar awo sai na koma auna kaina sau bakwai sau takwas a yini, da naji ƙeyata ta ɗan yi nauyi sai in ɗauko ta, tun kafin abin ya gama matse min dantse gabana na dukan uku-uku, lamba ta hau in sake aunawa ta ƙara hawa, dare yayi in kwanta ido biyu ina lissafin wa zai riƙe min yaran nan in ɓarin jikina ya shanye kamar yadda akai da gwaggona.

Ranar da na koma asibiti wata nas ta dube ni tace "Hajiya kina samun barci kuwa?" Kawai sai hawaye. Baiwar Allah nan ta jawo kujera ta zauna duk da layin dake jiranta, tace akwai wani horon natsuwa da Jon Kabat-Zinn ya fara a jami'ar Massachusetts ta Amurka a 1979, sati takwas ake yinsa, bari ta nuna min kaɗan daga ciki. "Amma Hajiya kar ki kuskura ki ajiye maganinki, wannan taimako ne kawai."

Minti goma ne, ni bayan asuba nake yi akan sallaya. Ki zauna ki bi numfashinki, yadda iska ke shiga hanci da sanyi ta fito da ɗumi, ciki ya taso ya koma. Tunani in yazo kar kiyi kokawa dashi, ki gane yazo ki dawo kan numfashi. Ranar farko ko numfashi uku banyi ba zuciya ta tafi kuɗin makaranta, na dawo da ita ta tafi makabarta, na dawo da ita. A nan na gane shekara nawa nayi ina sallah hankalina na kasuwa, abin ya taɓa ni sosai.

A sati na uku ne nayi barci har sai da kiran sallah ya tashe ni. Na'urar ma na maida ta cikin akwati, safe da yamma kawai nake fito da ita, sai na zauna minti biyar shiru kafin in auna.

Ana haka ranar wata Juma'a da la'asar ƙanin maigidan yayi sallama da takardun gida a hannunsa. Mu haɗu sati mai zuwa in Allah ya kaimu.