Zanen masoya a waya da kwamfuta: wace manhaja ta dace da mai farawa?

Duk wanda ya taɓa cika bayan littafinsa na makaranta da hoton gwarzon wani katun, ko fuskar ɗan ƙwallon da yake ƙauna, ya riga ya ɗanɗani zanen masoya, wato mutum ya ɗauki gwarzon labarin da wasu suka ƙirƙira ko wani sanannen mutum ya zana shi yadda idonsa yake ganinsa. Al'adar ta daɗe da kafuwa. A birnin Tokiyo ana cin kasuwar Comiket tun shekarar 1975, inda masu zane ke baje kolin littattafan da suka buga da kansu, yawancinsu a kan gwarazan da suke so, sannan shafin DeviantArt da aka buɗe a 2000 da Pixiv na Japan da ya biyo baya a 2007 suka kai harkar ga duk mai intanet. Masu son shiga sukan fara da tambayar wace manhaja ce ta fi kowacce kyau, ni kuwa a ganina na'urar da ke hannun mutum ita ce ke zaɓa masa manhaja, kuma wanda ya gane haka da wuri ya huta da ɓata data wajen sauke manhajojin da ba za su yi masa aiki ba.

Yawancinmu waya muke da ita, kuma ga mai wayar Android ban san abin da ya kai ibisPaint X dacewa ba. Wani kamfanin Japan ne ya fitar da ita a 2011, tun asali kuma don na'urorin hannu aka tsara ta, shi ya sa maɓallanta ba sa cinye filin zane. Ana sauke ta kyauta, sai dai akwai talla, kuma wasu burusai a kulle suke har sai an kalli talla ɗaya, sannan a buɗe su na wasu sa'o'i. Abin da ya fi burge ni game da ita shi ne tana naɗar duk aikin da aka yi daga layin farko zuwa na ƙarshe ta mayar da shi gajeren bidiyo. Wannan bidiyon malami ne babba, domin mai koyo yana iya komawa ya ga daidai inda fuska ta fara karkacewa, yana kuma iya kallon na waɗanda suka fi shi ƙwarewa ya ga tsarin da suka bi. MediBang Paint da Sketchbook su ma kyauta ne kuma suna aiki a waya. Ta farko ta fi karkata ga masu labari cikin zane, ta biyun kuma ta fi kama da farar takarda da fensir.

Ana iya yin zane mai kyau da yatsa, muddin an san dabaru biyu. Ta farko ita ce a riƙa zuƙo hoton da yatsu biyu har ido ɗaya ya kusa cika allon kafin a ja layin gira, a kuma juya hoton zuwa ɓangaren da hannu ya fi sakewa maimakon a murɗe wuyan hannu. Ta biyu ita ce a kunna madaidaicin layi, wanda ke kwantar da rawar hannu ta hanyar sa layin ya ɗan biyo yatsa a baya. Idan aka ɗaga shi da yawa layi zai yi santsi amma ya rasa rai, don haka tsaka-tsaki ya fi. Game da alƙalami kuwa, ya kamata mai saye ya san cewa mai kan roba da ake sayarwa a shagunan kayan waya siririn yatsa ne kawai, ba ya jin nauyin hannu. Alƙalamin da ke kaurara layi idan an danna, ya sirantar da shi idan an sassauta, sai a na'urorin da aka ƙera dominsa, irin su S Pen na Samsung da Apple Pencil na iPad.

Wanda ke da kwamfuta, ko da tsohuwa ce, ya nufi Krita kai tsaye. Kyauta ce gaba ɗaya, babu talla, babu wani sashe da aka kulle, masu sa kai na ƙungiyar KDE ne suke gina ta, gidauniyar da ke kula da ita kuma tana ƙasar Holan. Tana aiki a Windows da macOS da Linux, kuma burusanta ba su gaza na manhajojin kuɗi ba. Abin da za a kashe wa kuɗi shi ne allon zane, wanda ake haɗawa da kwamfuta a yi zane a kansa da alƙalami, domin zane da linzamin kwamfuta wahala ce marar amfani. Ƙaramin allo marar fuska na Wacom, ko na Huion da XP-Pen waɗanda suka fi sauƙin farashi, ya wadatar. Kada lambobin da ke jikin kwali su ruɗi kowa: tsakanin alƙalami mai matakan nauyi 4096 da mai 8192, hannun mai koyo ba zai ji bambanci ba. Wahalar gaskiya ita ce hannu yana ƙasa a kan allo ido kuma yana sama a kan fuskar kwamfuta, kuma wannan sabo ne da yake zuwa bayan an jure kwanakin farko.

Manhajojin kuɗi suna da nasu gurbin. Procreate, wadda wani kamfani a tsibirin Tasmaniya na Ostireliya ya fitar a 2011, sau ɗaya ake biya kuma tana da daɗin aiki ƙwarai, amma a iPad take, saboda haka duk abin da aka gani da wannan suna a wayar Android kwaikwayo ne. Clip Studio Paint ta kamfanin Celsys ita ce ta masu zanen manga, wato labari cikin zane irin na Japan, tana da kayan yanka shafi gida-gida da kumfar magana da mutum-mutumin da ake juyawa don duba tsayuwar jiki. Photoshop kuwa tun 2013 kamfanin Adobe ya mayar da ita ta biyan kuɗi wata-wata, kuma asalinta ta gyaran hoto ce, don haka ban ga dalilin da mai farawa zai ɗora wa kansa ita ba. Ina kuma roƙon masu koyo su guji manhajojin da aka fasa ake rabawa a zaurukan WhatsApp da Telegram, domin babu wanda ya san abin da aka cusa a cikinsu, alhali ga na kyauta da za su yi aikin.

Kowace manhaja aka ɗauka, abin da ya cancanci a zauna a koya shi ne leya. Leya kamar fallayen leda ne masu haske da aka jera ɗaya bisa ɗaya, kowanne da abin da aka zana a kansa, ana iya goge na sama ba tare da an taɓa na ƙasa ba. A leya ta farko ake yin zanen share fage da shuɗi mai haske: da'irar kai, layin tsakiyar fuska, layin idanu, faɗin kafaɗa. Sai a rage mata ƙarfi ta dusashe, a buɗe sabuwa a samanta a ja layuka masu tsabta da baƙi. Launi yana shiga a ƙarƙashin layukan, fata da leyarta, gashi da tasa, riga da tata. Idan aka zo inuwa, sai a buɗe leya a saman ta fata a manne ta da ita, ta yadda duk abin da aka shafa ba zai tsallake iyakar fatar ba, a sa mata yanayin da manhajoji ke rubutawa Multiply, a zaɓi shunayya ko ja mai duhu a maimakon baƙi, wanda ke sa fatar baƙin mutum ta yi kama da toka. Wannan tsari ɗaya ne a ibisPaint da Krita da Procreate, wurin maɓallan ne kawai ya bambanta, kuma shi ya sa nake ganin tsayawa a kan manhaja ɗaya har hannu ya faɗa ya fi tsalle daga wannan zuwa waccan.

Girman filin zane ma yana da tasiri. Takardar A4 da za a buga a ma'aunin ɗigo 300 a kowane inci tana buƙatar fiksel, wato ƙananan ɗigon da ke haɗa hoto, 2480 a faɗi da 3508 a tsawo, kuma waya mai ƙaramin RAM za ta fara sanyin jiki idan aka tara leya da yawa a kan wannan girma, har ta rufe manhajar ana tsakiyar aiki. Zanen da intanet kawai za shi, fiksel 2000 a kowane gefe ya ishe shi. Mai aiki da kwamfutar tebur a inda ake yawan ɗauke wuta ya rage tazarar ajiyar da Krita ke yi da kanta, kowa kuma ya adana ainihin fayil mai leya daban, ya fitar da kwafin PNG don nunawa. Idan za a tura wa wani ta WhatsApp, a tura shi a matsayin fayil, in ba haka ba za a matse hoton ƙananan layuka su dagule.

Akwai wani haƙƙi da ya rataya musamman a wuyan mai zanen masoya. Duba hotunan gwarzo don a san yanayin gashinsa da ɗinkin rigarsa daidai ne, ƙwararru ma haka suke yi. Ɗora zanen wani a ƙasa a bi layukansa kuwa, idan don motsa hannu ne, ya tsaya a cikin waya. Fitar da shi da sunanka cin amanar wanda ya yi wahalar ne, kuma masu zane suna gane aikin junansu nan take. Gwarzon kansa mallakar marubucinsa ne ko kamfanin da ya fitar da shi, kuma ko da yake kamfanoni da yawa suna kawar da kai ga zanen da aka wallafa don sha'awa, buga shi a riga ko kofi a sayar wani mataki ne daban da doka ta ba su damar hanawa. Saboda haka a rubuta sunan gwarzon da na aikin da ya fito a ƙarƙashin hoton, a sa hannu a cikin zanen a wurin da ba za a iya yanke shi ba, kafin a kai shi kasuwa kuma a karanta ƙa'idojin da mai haƙƙin ya gindaya.