Abin da Likitan Haƙori Ya Nuna Mini

Jiya likita ya kankare dattin da ya taru a bayan haƙorana, ya nuna mini shi a kan auduga, ya ce gari guda ne na bakteriya. Wata irin bakteriya mai suna Streptococcus ce ke fara liƙewa, ta mayar da sukarin shayina danƙon da sauran za su fake a ciki. Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce Veillonella, domin ba ta dogara da sukari ba, tsamin da maƙwabtanta suka fitar shi ne abincinta. Yanzu na gane dalilin da ya sa kurkure baki kawai ba ya tarwatsa su, sai an sa asuwaki an goge sosai.