Misar minti talatin da biyar

Lahadin farko da na hau bagadi a wata ƙaramar coci da ke yammacin Cork, a ƙasar Ayaland, wa'azin minti ashirin da biyar na yi. A ganina na taƙaita ƙwarai, don a gida, a dayosis ɗin Kafanchan, duk Fadan da ya tsaya nan sai a fara tambaya ko lafiyarsa ƙalau. Da aka tashi, dattijuwar da ke kula da kayan bagadi ta biyo ni ɗakin canza tufafi ta ce, "Fada, wa'azi ya yi daɗi. Sai dai mutanen nan shanu na jiransu." Tun daga ranar na koma minti bakwai, Misar gaba ɗaya minti talatin da biyar.

Shirun ne ya fi damuna. Babu ganga, babu kacau-kacau, babu Zumuntar Mata da anko suna rangaji zuwa gaba da baiko. In na ce "Ubangiji ya kasance tare da ku", amsar kamar ta mai ciwon haƙori. Bencin gaba wayam, kowa ya lafe a baya kusa da ƙofa, kuma yawancinsu masu furfura ne. Ga duhu tun ƙarfe huɗu da rabi a watan Disamba, ga ruwan sama da bai san damina ko rani ba. Gidan Fada a wurinmu kasuwa ce: katikis, 'yan kwaya, mai neman kuɗin makaranta, ma'auratan da suka yi faɗa. Nan kuwa sai in yini ba wanda ya ƙwanƙwasa. Na taɓa rubuta wa wani abokina cewa bangaskiya ta mutu a ƙasar nan. Yau ina jin kunyar wasiƙar.

Ba wai babu ƙamshin gaskiya a ciki ba. Ƙidayar 2022 ta nuna kashi 69 cikin ɗari na mutanen Ayaland ne suka ce su Katolika ne, alhali a 2016 kashi 79 ne. Rahotannin Ryan da Murphy na 2009, kan cin zarafin yara a hannun mutanen coci, sun bar tabon da bai warke ba. Shi ya sa kafin in fara aiki sai da 'yan sanda suka tantance ni, kuma ba na zama ni kaɗai da yaron da ke hidimar bagadi, dole da wani babba a wurin. Da fari abin ya sosa mini rai. Da na zauna da mutanen da abin ya taɓa danginsu, sai na ja bakina na yi shiru.

Jana'iza ce ta buɗe mini ido. Wani manomi ya rasu, gidan rediyon yankin ya karanta sanarwa, da yamma kuwa sai ga layi daga ƙofar gidan har bakin titi, cikin yayyafi. Kowa ya miƙa wa iyalan hannu, a yi rosari a gaban gawa, a sha shayi har dare ya raba. Washegari cocin da ba ta cika rabi ran Lahadi ta cika maƙil, maƙwabta suka ɗauki akwatin a kafaɗa. Bayan wata guda suka dawo don Misar cikar wata, wadda ta tuna mini da sadakar arba'in ta maƙwabtanmu Musulmi. Mutanen da na ɗauka sun yi watsi da addini, ashe ba sa son a gan su suna nuna shi ne.

Akwai kuma Misar gida-gida, al'adar da ta samo asali tun zamanin da dokokin Ingila suka takura wa Katolika. Har yanzu a ƙauyukan Cork da Kerry ana juyawa daga wannan gida zuwa wancan. Masu gida sukan yi fenti saboda ranar, a shimfiɗa farin ƙyalle a teburin kicin, in yi Misa a kai, a ɗauke ƙoƙon a jera burodi da shayi. A nan na fara jin kamar ina ƙauyukan da nakan je da babur a gida. A nan kuma na gane cewa in an yi maka tayin shayi ka ce a'a, ba a ji ba, sai an maimaita sau uku. Kamar dai mu.

Wata rana na shiga birnin Cork, gidan Fadannin SMA, wato ƙungiyar masu mishan zuwa Afirka, da ke titin Blackrock, inda tsofaffinsu ke hutawa. Ƙungiyarsu ce ta kafa mishan a Shendam a 1907, kuma John McCarthy, babban bishop na farko a Kaduna, ɗan Ayaland ne daga cikinsu. Ina tsaye a baranda sai wani tsoho a keken guragu ya ƙura mini ido, ya ce da Hausa garau, "Sannu da zuwa, Fada. Ina gajiya?" Wata takwas ke nan ban ji Hausa ba sai ta waya. Na durƙusa na ce, "Ba gajiya, Baba." Ya tambayi labarin Zonkwa da Kagoro, ya tambaya ko har yanzu ana cin tuwon acca. Da zan tafi ya riƙe hannuna ya ce, "Minti nawa kake wa'azi?" Na ce bakwai. Ya yi dariya har da tari, ya ce shi da ya isa ƙasarmu bakwai ɗin ya fara yi, sai katikis ya ja shi gefe ya ce mutane sun yi tafiyar mil biyar a ƙafa, a ƙara musu.